Goɗiyoyin Iskoki da Ƴan Matan Lakwal: Sake Karanta Jacqueline Nicolas a Damagaram

A shekarar 1967 aka buga wani littafi a jerin Études nigériennes, lamba ta 21, mai suna Les juments des dieux, wato goɗiyoyin iskoki. Marubuciyarsa, Jacqueline Nicolas, masaniyar halayyar ɗan Adam ce ƴar Faransa, wadda ta zauna cikin ƴan borin ƙasar Maraɗi. Bayan shekara biyar, a 1972, ta faɗaɗa binciken a wani littafin da ya fito a Paris, Ambivalence et culte de possession, da sunan Jacqueline Monfouga-Nicolas. Littattafan biyu sun haura shekara hamsin, ba kuma a kan Damagaram aka rubuta su ba. Duk da haka suna da abin gaya wa malamin makarantar Damagaram, domin tambayar da ke cikinsu tana biyo shi har cikin aji: idan rai ya ɓaci har jiki ya faɗi, wa ke da magani, kuma mene ne ainihin abin da ke warkarwa?

Tun farkon shekarun 2000 makarantun Nijar suka san abin da aka laƙaba wa suna génie tchatcheur, aljani mai surutu. Yarinya ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar darasi, ta biyu ta bi ta, kafin a ankara aji ya watse. Kano ta ga irinsa a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ake zancen Sumbuƙa. Mushe yana tsaye da alli a hannu, iyaye suna neman malamin ruƙiya, shugaban makaranta yana neman motar likita, kowa kuma yana ganin hanyar ɗan'uwansa ɓata lokaci ce. Da wannan ido ya kamata a sake buɗe littattafan.

Abin da marubuciyar ta gani

Babban abin yabo a aikin Nicolas shi ne ta ɗauki bori a matsayin hanyar jinya, a zamanin da yawancin Turawa ke ɗaukarsa wasan kallo, yawancin ƴan boko kuma abin kunya. Ta lura cewa mata ne suka fi yawa a cikinsa, kuma ciwo ne ƙofar shiga. Rashin haihuwa, mutuwar ƴaƴa, zaman kishi, fita daga wannan aure zuwa wancan, su ne ke jan mace har ta kwanta ciwon da ya ƙi jin magani. Sa'an nan a ce iska ne ya taɓa ta, a shirya girka.

Girka kuwa aiki ne mai tsari. Ana keɓe majinyaciya kwana bakwai ko fiye a hannun wadda ta riga ta shan irin wannan wahala. Ana ba ta jiƙo, a turara ta, a yi mata wanka. Makaɗa na kiran iskoki da goge da ƙwarya, kowane da kirarinsa da tufafinsa da halinsa: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, Doguwa. Dangi ne ke haɗa kuɗin, saboda haka ciwon ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama na gida. Ranar fita a yi taro, ta fito da sabon matsayi, tana da ƴan'uwa na bori da za ta nufa duk sa'ad da abin ya motsa. Ba a korar iskan. Ana koya mata zama da shi, ta san lokacin hawansa da na saukarsa, har atishawar da ke nuna ya tafi.

A nan ne fassarar marubuciyar ta fi ƙarfi. Kalmar da ta sa a sunan littafi na biyu tana nufin zuciya biyu a ƙirji ɗaya: so da ƙi, biyayya da tawaye. Macen da aka hore ta da kunya da haƙuri tun tana ƙarama ba ta da bakin faɗin fushinta a gaban miji ko suruka. Idan iska ya hau, sai fushin ya sami murya, a saurare shi, ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, tunda ba ita ke magana ba. Ko mutum ya yarda da iskoki ko bai yarda ba, wannan lura ce da ta cancanci a tsaya a kanta.

Abin da masana suka tarar daga baya

Masu jinyar rai ta hanyar zance a Turai da Amurka sun daɗe suna jayayya kan wace mazhaba ce ta fi. A 1936 Saul Rosenzweig ya ce dukansu suna cin nasara ne saboda wasu abubuwa da suka yi tarayya a kai. A 1961 Jerome Frank, a littafinsa Persuasion and Healing, ya bi wannan sawu har ya kwatanta likitan birni da mai maganin gargajiya. Abubuwa huɗu aka fi sanin sa da su: amana tsakanin majinyaci da mai jinya, wurin da aka keɓe don warkarwa, bayanin ciwo da ɓangarorin biyu suka gamsu da shi, da wani aiki mai tsari da za su yi tare. A 1977 George Engel ya nemi likitoci su riƙa duban jiki da rai da zaman jama'a gaba ɗaya. Daga irin wannan tunani ne haɗakar hanyoyin jinyar rai ta samo tushe, har aka kafa mata ƙungiyar masana a 1983.

Duk wanda ya jera abubuwan nan huɗu kusa da bayanin girka zai ga babu wanda ya ɓace. Afirka ta Yamma kuma ba ta jira ba. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga 1959 Henri Collomb ya buɗe ƙofofin asibitin Fann a Dakar, ya shigo da dangi da taron tattaunawa irin na bakin itace. Littattafan Nicolas ƴaƴan wannan zamani ne, kuma darajarsu ita ce sun nuna misalin abin a ƙasar Hausa.

Inda suka gaza

Kome kyan tafarnuwa ba ta yi kamar albasa ba. Gazawa ta farko ita ce iyakar fagen. Wanda ya karanta su kaɗai zai zaci bori ne dukan maganin rai na Bahaushe. A Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan Katsina da Gobir suka sake kafa mulki bayan jihadi, bori ya zauna kusa da fada, ƙarƙashin Iya da Inna. Damagaram tarihinta daban ne: malami ne ya kafa gidan sarautarta a ƙarni na 18, tana kallon Barno, kuma a zamanin Tanimun, daga 1851 zuwa 1884, Birni da Zango sun cika da fatake da almajirai. An yi bori a nan ma, amma mai ciwon rai a Damagaram ya fi saurin zuwa zauren malam, a yi masa tofi, a ba shi rubutun sha, a ɗaura masa laya, a yi sadaka. Daga can ya je wurin mai saiwa, daga can ya je babbar likitar Damagaram, wani lokaci duka a mako ɗaya. Murray Last, wanda ya yi bincike a Malumfashi, ya nuna a 1981 cewa majinyaci bai damu da sai hanyoyin sun dace da juna a tunani ba, sauƙi yake nema. Ashe haɗakar da masana ke wa taro, iyalai sun daɗe suna yin ta da ƙafafunsu da aljihunsu, ba tare da masu maganin sun taɓa zama inuwa ɗaya ba.

Ta biyu ita ce harshe. An saurari matan da Hausa, an fassara zuciyarsu da kalmomin ilimin rai na Turai, an buga da Faransanci, harshen da yawancinsu ba su ji ba. Mai karatu yakan so ya ji su suna yanke wa kansu hukunci fiye da yadda yake jin ana yanke musu.

Ta uku ta fi nauyi. Waɗannan littattafai ne na nazarin al'ada, ba na gwajin magani ba, kuma kuskure ne a karanta su kamar takardar likita. Ba duk wadda ta faɗi ce ke da nauyin zuciya ba. Farfaɗiya na kayar da mutum, haka zazzaɓin sauro idan ya hau kai, haka sanƙarau, haka yunwa da ƙarancin jini. Irin waɗannan ba su jiran goge ko tofi, kuma kwanan da aka ɓata na iya zama ajali. Girka tana cin dukiya. Wasu masu da'awar cire aljanu na haɗawa da bulala da mari. A 2019, lokacin da ƴan sandan Najeriya suka fasa wasu gidajen horo a Kaduna da Daura, an fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Duk haɗakar da ba ta da ƙa'idar hana cuta, rufa wa zalunci asiri ce kawai.

Ana iya haɗawa da ƙa'ida. Wani gwaji da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Masu taɓin hankalin da aka yi wa jinya ta haka sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Kowa ya riƙe aikinsa, amma kowa ya san inda iyawarsa ta tsaya.

Darasin Nana Asma'u

Duniyar da Nicolas ta kwatanta ta ja baya ƙwarai. Adeline Masquelier ta bi wannan sauyi a Dogon Dutsi cikin littafinta na 2001, Prayer Has Spoiled Everything, daga baya kuma ta yi nazarin faɗuwar ƴan matan makaranta. Ta ruwaito cewa aljanun sukan koka da an sare itacen da suke zaune don a gina aji, kuma ruƙiya ce ake nema a kore su. Babu mai neman a mai da gidajen Musulmi ga bori, malamai sun yi bayanin hukuncinsa tun zamanin Shehu. Abin tambaya shi ne: da aka rufe wannan ƙofa, wace aka buɗe wa wadda ke da abin faɗi ba ta da wurin faɗinsa?

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fahimci wannan. Da ta so janye matan karkara daga bori, ba ta tsaya ga hani ba. Ta kafa ƴan taru, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa irin wadda aka san Innar Gobir da ita, ta ba mata tafiya tare, da waƙa, da uwa mai saurare, da matsayi. Ta canza aƙida, ta bar abin da ke riƙe rai. Yarinyar kwaleji ta yau tana tsakanin jarrabawa da zancen aure, tsakanin burin uba da tsoron uwa, a aji mai cunkoso da zafin bazara. Zuciya biyun da Nicolas ta kwatanta ba ta tsufa ba. Samari ma suna da nasu: fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, ya nuna tabon da ke jikin matasan Kara-Kara da nadamar da ba ta da mai ji.

Kammalawa

Amfanin sake karanta littattafan shi ne su koya wa malami rarrabe aƙidar bori da dabarar jinyarsa. Dabarar kowa na iya ɗauka. Idan yarinya ta faɗi, a janye ta daga idon taro, domin kallo na yaɗa abin. A fara da ma'aikacin lafiya, ya duba zazzaɓi da farfaɗiya. Idan iyaye sun nemi addu'a, a girmama su, da sharaɗin babu duka babu ɗauri. Bayan kura ta lafa, a sami malama ko dattijuwa da yarinyar ta amince da ita, ta zauna da ita fiye da sau ɗaya. A kuma shirya mata komawa aji ba tare da tsangwama ba, kamar yadda ake shirya fitar girka, domin wadda ta bar makaranta saboda kunya ta yi hasara biyu.

Ƙungiyoyin al'adu na Damagaram kuwa suna da aiki a gabansu: su taƙaita waɗannan littattafai da Hausa, su karanta su tare da malaman addini da ma'aikatan lafiya da ɗaliban Jami'ar André Salifou, su kuma naɗi bayanan tsofaffin matan da suka ga wancan zamani tun suna da rai. Binciken da aka yi wa Maraɗi a shekarun 1960 ya dace a yi wa Damagaram irinsa, da alƙalamin ƴaƴanta, cikin harshen majinyatan.