Alhazan da Ba Su Isa Makka Ba: Sharhi a kan Littafin Bawa Yamba

Ɗalibin da ya fara karatun ilimin nazarin al'adun ɗan'adam, abu na farko da ake koya masa shi ne ya saurari yadda al'umma ke bayyana kanta. Wannan darasi ne C. Bawa Yamba ya bi a littafinsa mai suna Permanent Pilgrims, wanda ya fito a 1995, inda ya yi nazarin Hausawan ƙauyukan Jazira da na Wad Madani a ƙasar Sudan.

Yamba ya nuna cewa jikokin waɗanda suka baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji har lokacin bincikensa suna kiran kansu matafiya, alhali a Sudan aka haife su, kuma yawancinsu ba su taɓa taka Makka ba. Ya danganta hakan da bashin da ke ɗaure manomin ƙodago a gandun audugar Jazira, wanda aka buɗe a 1925, da kuma tasirin malamai. A nan littafin ya yi armashi ƙwarai, domin bai mayar da imanin mutane abin dariya ba.

Sai dai akwai gyara. Manazarcin ya jingina da abin da mutane suka faɗa fiye da abin da suka aikata. Wanda ya haƙa rijiya, ya aurar da 'ya'ya, ya binne iyaye a gari, anya matafiyi ne? Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, hijira ce ta haife shi, kuma ya zaunu daram. Mark Duffield ya nazarci garin a 1981 ta fuskar noma da jari, sai hoton ya fita daban. Haka nan binciken Al-Amin Abu-Manga na 1999 ya nuna yadda Larabci ya ratsa Hausar Sudan, alamar doguwar cuɗanya ke nan.

Maganar ba ta aji kaɗai ba ce. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi masarautarsu ta gargajiya, aka rasa rayuka da dama. Hujjar masu adawa ita ce Hausawa baƙi ne marasa ƙasa, wato dai kusan lakabin da Yamba ya raɗa wa littafinsa shekara 27 kafin nan.