Dillalin Ƙwaya Mai Maimaita Laifi da Haƙƙin Ɗaukaka Ƙara: Tsokaci a Kan Ƙuduri na 138

Duk lokacin da aka ji cewa wani dillalin ƙwaya da aka taɓa ɗaurewa ya ɗaukaka ƙara, magana ɗaya ake yi a majalisun Saulawa, har zuwa Makarfi da Kudan: me ya rage a saurara? Wasu ɗalibanmu sukan ƙarfafa wannan ra'ayi da ƙuduri na 138 na Majalisar Manyan Malaman Saudiyya, wanda ya fito a shekarar 1407 bayan Hijira (1987). Na fahimci zafin zuciyar. Wanda ya ga yadda tiramadol ke cinye samari 'yan ƙwadago a gonakin rake ba zai yi wa dillali uzuri ba. Sai dai ƙudurin bai faɗi abin da ake jingina masa ba.

Ƙudurin ya raba mai fasa-ƙwaurin ƙwaya da mai tallata ta a cikin gari. Na farko ya yanke masa kisa. Na biyu kuwa ta'aziri ne a karon farko, da ɗauri ko bulala ko tara. In ya koma, sai a yi masa abin da zai yanke sharrinsa, ko da kisa ne. Nan masu kafa hujja suke tsayawa. Da sun ci gaba da karatu, da sun ga malaman sun shar'anta cewa ba za a zartar da kisan ba sai shari'ar ta bi ta kotu, ta bi ta kotun bita, ta kai majalisar ƙoli ta alƙalai. Ashe matanin da ake so a rufe ƙofar ɗaukaka ƙara da shi, shi ne ya wajabta buɗe ta.

Raunin ƙudurin, a ganina, yana wani wuri dabam: bai fayyace mene ne "komawa" ba. Karo na biyu ne ko na uku? Wanda aka kama da ƙullin wiwi, bayan shekara goma aka same shi da katan na maganin tari mai kodin, ya maimaita laifi ɗaya ne? Hadisin kashe mashayi a karo na huɗu ba zai cike wannan giɓi ba, domin jumhur sun tafi a kan an shafe hukuncinsa, kamar yadda Tirmizi ya ambata, ko da yake Ibn Hazm ya saɓa. Su ma Malikawanmu, Alƙarafi a cikin Alfuruƙ ya sa wiwi cikin abin da ke ɓata hankali, wanda hukuncinsa ta'aziri ne, saɓanin Ibn Taimiyya da ya ga haddi. Abin da aka bar wa ijtihadin alƙali kuwa shi ya fi buƙatar ido na biyu, kuma wasiƙar Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari ta riga ta fifita komawa ga gaskiya a kan dogewa bisa kuskure.

A Nijeriya mun ɗanɗana hukunci marar bita. Dokar soja ta 20 ta 1984 ta koma baya ta hau kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta, aka harbe mutum uku a Legas cikin Afrilun 1985. Yau laifukan da ke cikin dokar NDLEA ta 1989 Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraronsu, ba kotun shari'a ta Ikara ba, kuma daga yankinmu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ake nufa. Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne zaɓin biyan tara, wanda dillali zai biya daga ribar hajarsa ya dawo kasuwa kafin rake ya nuna. Masu gabatar da ƙara su ma suna da ikon ɗaukaka ƙara a kan irin wannan sassauci, kuma ban taɓa jin an nemi su yi hakan a majalisun namu ba.