Aro da Rance: Sharhi a kan Koyar da "Borrow" da "Lend"

A ganinmu, fassara "borrow" da "lend" duka da "aro" ita ce tushen kuskuren "borrow me" da malaman Boɗinga da Shagari ke fama da shi. Turanci yana duban mai karɓa da mai bayarwa. Hausa kuwa abin take fara duba: keke aronsa akan yi, don shi za a mayar, kuɗi rance, don madadinsu za a biya. Ajin aikatau, bisa tsarin Parsons na 1960, shi ke fayyace sauran: "na ari keke", amma "na ara masa keke". Kamata ya yi a fara koyarwa da waɗannan jimloli biyu, don kada ɗalibi ya mai da mai bin bashi wanda ake bi.