Kalmar "Nodik" da Wahalar Mayar da Ita Hausa

Akwai wata kalma da ta sha kan masu fassara labarun duniya, ita ce "Nodik". Ma'anarta ta asali "na arewa", domin mutanen da ake nufi suna kiran yankinsu Norden, watau Arewa. Ƙasashe biyar ta ƙunsa: Denmak, da Norwe, da Suwidin, da Finlan, da Aislan. A shekarar 1952 suka kafa majalisar shawara ta tsakaninsu, Finlan kuwa sai a 1955 ta shiga.

Masu fassara sun kasu biyu, kowane ɓangare kuma da nasa tuntuɓen. Na farko sukan ce "ƙasashen Sikandinabiya". Wannan ya gaza, gama sunan nan uku kaɗai ya tattara bisa ƙa'ida, Denmak da Norwe da Suwidin. Na biyu sukan ce "'yan Arewa" ko "ƙasashen Arewa". Wannan ya dace da asalin kalmar, amma ya saɓa wa kunnen Bahaushe. Ga mai karanta jarida, 'yan Arewa su ne mutanen Arewacin Nijeriya. A kasuwar Shinkafi kuwa, ko a Zurmi, in aka ce baƙi sun zo daga arewa, hankalin mai ji sai ya tafi Maraɗi da Adar da Azbin, ba zai ƙetare hamada ba, balle teku.

Magani yana cikin kalmar "Bature", wadda ita ma ta yi ƙaura. Sa'ad da Heinrich Barth, mutumin Jamus, ya ratsa Zurmi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, Larabawa fatake ake kira Turawa, shaida ita ce Dandalin Turawa a Kano, inda suka zauna. Irin su Barth kuwa Nasara ne. Amma kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, sunan ya riga ya koma kan masu mulki da masu kantunan sayen gyaɗa. Tun da kalmar ta ɗauki wannan kaya, ba za ta kasa ɗaukar ƙari ba. In aka ce "Turawan Arewa", kashin farko ya kai mai sauraro Turai, na biyu ya nuna masa kusurwa. Gaskiya ne wani zai iya sa Ingila a ciki, amma bayani sau ɗaya ya isa ya kawar da wannan.

Kuskuren da ya fi muni yana wajen harsuna. Akan ji an ce "harshen Nodik", sai ka ce harshe guda ne. Harsunan Denmak da Norwe da Suwidin 'yan ɗaki ɗaya ne, masu su sukan fahimci juna in sun kasa kunne. Na Aislan danginsu ne, amma ya riƙe tsohuwar siga har sauran ba sa jinsa. Harshen Finlan kuwa, da na Sami masu kiwon barewar ƙanƙara, daga wani tushe dabam suka fito, danginsu na Istoniya da Hangari. Mutumin Ƙaura ba zai rasa gane wannan ba: Bahaushe da Bafillace suna cin kasuwa ɗaya, amma ba wanda zai ce Hausa da Fillanci abu ɗaya ne don maƙwabtaka. Haka kuma "Turancin Arewa" ba zai yi ba, domin Turanci ya riga ya zama sunan Ingilishi kaɗai.

Saboda haka ya kamata a ce "Turawan Arewa" ga mutanen, a bar "Sikandinabiya" ga ƙasashe ukun nan, kowane harshe kuma a kira shi da sunan ƙasarsa ko na masu shi. Ɗalibin da aka koya wa sunan da bai dace ba, da shi zai koyar da na bayansa.