Kalmar "Gabata" a Littattafan Koyarwa

Daga cikin kalmomin da muka lura ana yi musu bayani a gurguje a littattafan koyarwa akwai "gabata". Galibi akan fassara ta da "wucewa" kawai, kuma a ganinmu wannan bayani ya gaza.

Tushenta shi ne "gaba". Wanda ya gabace ka shi ne ya riga ka kama hanya, daga nan aka sami "magabata". Saboda haka "darasin da ya gabata" na jiya ne, alhali "darasi na gaba" na gobe ne. Ɗalibin da bai san wannan bambanci ba, in an ce ya yi bitar darasin da ya gabata, yana iya buɗe shafin da ba a kai ba.

Tsarin giredin aikatau da Parsons ya fitar a 1960 yana warware matsalar: "gabata" giredi na 2 ce, "gabatar" na 5, "gabato" kuwa na 6, mai nuna tahowa wajen mai magana. Shi ya sa "shekara mai gabatowa" ba ta iso ba tukuna.

Muna ba da shawarar manhaja ta haɗa siffofin uku a darasi guda, kowace da jimlarta.