Koyar da Ire-iren Suna a Ƙananan Makarantun Sakandare: Wani Tsokaci

1. Gabatarwa

Tun da aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, aka kuma soma aiki da tsarin nan na 6-3-3-4 a 1982, Hausa ta sami gurbi a ƙananan makarantun sakandare, ga 'ya'yan Hausawa da kuma waɗanda suke koyonta a matsayin harshe na biyu. A wannan takarda za mu dubi darasi guda ne tak daga cikin darussan nahawu, watau ire-iren suna. Mun zaɓe shi domin yana cikin abubuwan farko da yaro yake cin karo da su, kuma yadda aka koyar da shi yakan nuna masa ko nahawu abin lura ne da kunne, ko kuwa abin hadda.

2. Rabon da aka saba

Abin da aka saba shi ne a ce wa yaro suna kalma ce da ake kiran mutum ko dabba ko wuri ko wani abu da ita. Sa'an nan a kasa shi gida huɗu: suna na yanka, da gama-gari, da tattarau, da ɓoyayye. Wasu kan ƙara ƙirgau da ƙi-ƙirgau da harɗaɗɗe. Kalmomin kansu an ƙirƙiro su da basira. Yaron da ya taɓa ganin ragon suna ba ya bukatar dogon bayani a kan "na yanka". Inda muke da ja shi ne rabon kansa, domin daga littattafan nahawun Ingilishi na makaranta aka ɗauko shi ɗungurungum, aka sa masa riga da hula.

A Ingilishi rabon yana da aikin da yake yi, domin shi yake nuna wa mai koyo sunan da zai ɗauki 'yan ƙananan kalmomin nan da suke zuwa kafin suna, da wanda ba zai ɗauka ba. To, a Hausa wane aiki yake yi? In aka ce wa yaro "garke" tattarau ne, "akuya" kuwa gama-gari, me ya ƙaru da shi wajen gina jimla? Abu guda da za a iya nunawa shi ne babban baƙi a farkon suna na yanka, wannan kuwa ƙa'idar rubutun boko ce. Wanda ya rubuta Hausarsa da ajami ba ruwansa da ita.

Ɓoyayyen suna ya fi sauran ɗaure kai. An ce shi ne abin da ba a gani, ba a taɓawa. Yaro mai kaifin hankali zai kawo "aljani", kuma bisa wannan ma'auni ya yi daidai, alhali "aljani" yana tafiya a jimla kamar yadda "ɓarawo" yake tafiya, har da jam'insa, "aljanu". Wani zai cire "zafi" daga jerin, ya ce ai ya taɓa tukunya ya ji. Malami ba shi da amsa sai ya ce haka littafi ya faɗa. Daga ranar nan yaro ya gane cewa kunnensa da hankalinsa ba su da amfani a ajin nahawu.

3. Abin da Hausa take rarrabewa da kanta

Almajiran zaure sun daɗe da sanin wata hanya. Ajuruma, littafin nahawun Larabci da Ibn Ajurrum (ya rasu a 1323) ya wallafa, wanda aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, yana gane isimi ne ta alamomin da suke bayyana a jikinsa da kalmomin da suke shiga masa, kamar tanwini da alifi da lam. Ba alamomin Larabci muke so a aro ba. Dabarar muke so, watau a tambayi harshe da kansa inda yake raba sunayensa.

In aka yi wa Hausa wannan tambaya, amsar farko ita ce jinsi. Duk sunan da yake tilo, ko namiji ne ko mace, kuma wannan yana bin jimla tun daga dirka har lamiri da sifa:

(1) Sabon rami ne, ya cika.
(2) Sabuwar rijiya ce, ta cika.

Littattafai sukan taƙaita da cewa sunan da ya ƙare da wasalin "a" mace ne. Galibi haka ne, amma "gida" da "ruwa" da "nama" da "wata", har da kalmar "suna" ita kanta, duk maza ne a nahawu, kuma kalmomi ne da yaro yake furtawa kullum. A ɗaya gefen, "gwamnati" da "kotu" ba su ƙare da "a" ba, amma cewa muke gwamnati ta sanar, kotu ta yanke. A nan ne ma suna na yanka yake da abin faɗa wanda ya fi babban baƙi: sunayen garuruwa da ƙasashe da ranakun mako mata ne, kowane wasali ko baƙi suka ƙare da shi. Kano ta cika, Masar ta yi nisa, Alhamis ta zo. Sai dai mahaɗin "-r" ba ya liƙewa sai ga sunan mace mai ƙarewa da "a", shi ya sa muke cewa "Katsinar Dikko" amma "Kanon Dabo". Malamin da ya dogara da mahaɗi kaɗai wajen gwajin jinsi zai kai yara ya baro su.

Akwai wani bambancin da yara suke ji da kunnensu, amma ba a taɓa nuna musu ba. Yawancin sunayen da aka mayar na mutane daga kalmomin yau da kullum sukan gajarta wasalinsu na ƙarshe. A saurari "dogo" a cikin "dogo ne", sa'an nan a saurari "Dogo" in ana kiran mai sunan. Haka "baƙo" da "Baƙo", haka "azumi" da "Azumi". Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, don haka darasin da aka gina a kan allo kaɗai ba zai kama wannan ba.

Amsa ta biyu ita ce sunayen da suke nuna aiki. A duba:

(3) Yana barci. Ya yi barci.
(4) *Yana kujera. *Ya barci.

"Barci" da "magana" da "tari" da "dariya" suna iya biyo "yana" kai tsaye, "kujera" ba ta iyawa. Amma kuma ba aikatau ba ne, tun da ba a cewa "ya barci" sai an sa "yi". Masana irin su F. W. Parsons da M. K. M. Galadanci, wanda littafinsa na nahawu ya fito a 1976, sun ware wa irin waɗannan sunaye aji na daban. Rabon gida huɗu ba shi da ɗakin da zai sa su. Yaron da aka koya wa cewa aikatau kalmar aiki ce zai ce "barci" aikatau ne, kuma ba shi da laifi. Kusa da su akwai sunayen da suka tsiro daga aikatau, kamar "karatu" da "ɗinki" da "dafawa", waɗanda su ma sai an lallaba ake cusa su a cikin ɓoyayye.

Amsa ta uku ta shafi "zafi" ɗin nan da ya hana ajinmu zaman lafiya. A wata maƙala ta 1955 Parsons ya nuna cewa "zafi" da "sanyi" da "faɗi" da "zurfi" da "kaifi" da 'yan'uwansu dangi guda ne: gaɓa biyu, ƙarshensu "i", dukkansu maza, kuma suna haifar da sifa da aikatau ta hanya iri ɗaya. Daga "zafi" a sami "zazzafa" da "zafafa", daga "faɗi" a sami "faffaɗa" da "faɗaɗa", daga "zurfi" a sami "zuzzurfa" da "zurfafa". In aka ba yara biyu daga ciki, su da kansu za su kawo sauran, har su yi gardama a kan wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. Haka ma sunayen da suke da ɗafa-ƙeyar "-ci" da "-ta" da "-ntaka", kamar "jahilci" da "sarauta" da "abokantaka": ana ganin alamarsu a jikinsu, kuma alamar tana faɗin jinsinsu. Wannan ya fi tambayar yaro ko ya taɓa ganin sarauta da idonsa.

Tattarau ma yana da abin koyarwa, in za a kai ga inda yake. Ana cewa "jama'a ta taru", ana kuma cewa "jama'a sun taru", duka Hausa ce. Ana cewa "su Audu sun zo", ba tare da an sami Audu biyu ba.

4. Wata matsala ta aji

Za a ce mana abin da muka kawo ya yi wa ɗan aji ɗaya nauyi. Ba mu yarda ba. Ba a ce a ba shi sunayen azuzuwan duka ba. Gwaji uku sun ishe shi: "ne" ko "ce", "yana" yana shiga ko ba ya shiga, yana da jam'i ko ba shi da shi. Duk abubuwa ne da bakinsa ya riga ya iya.

Wahalar gaskiya tana wajen karin harshe. A Hausar Bauchi da ta wasu sassan Zazzau, haka ma a bakin da yawa daga Hausawan Gana, bambancin jinsi ya yi rauni ƙwarai, har a ji "mota ne" da "rigan Audu". Basakkwace kuwa "na" da "ta" yake cewa a gurbin "ne" da "ce". Ke nan gwajin farko ba zai ba da amsa iri ɗaya a kowane aji ba. Yaron Bauchi zai bukaci a koya masa jinsin kalmomi a matsayin ƙa'idar daidaitacciyar Hausa, a kuma faɗa masa haka ɓaro-ɓaro, ba tare da an ce Hausar gidansu kuskure ce ba. Shi da mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu su ne suka fi cutuwa da rabon gida huɗu, domin makonnin da ya kamata su yi suna koyon "gwamnati ta" da "gida ya" sun tafi wajen haddace cewa "runduna" tattarau ce.

Malamai ba za su sake hanya ba muddin masu shirya jarrabawa suna tambayar wane ne ɓoyayyen suna a cikin kalmomi huɗu. Da yawa daga cikin mu da muke zaune a wannan taro mu ne muke tsara irin waɗannan tambayoyi, mu ne kuma muke horar da malaman a kwalejojin ilmi. Muna ba da shawara a soma sa tambayar da za ta ba yaro jimla mai gurbi, kamar "Zariya ... yi nisa" ko "ruwa ... ƙare", a ce ya cike, ya kuma faɗi dalili.