Kwandon Handa a Idon 'Yar Talla

A shekarar da na yi hidimar ƙasa a wata makarantar firamare, na shiga aji biyu da littafin Handa's Surprise, wanda Eileen Browne ta rubuta kuma ta zana, kamfanin Walker Books na Landan ya buga a 1994. Labarin gajere ne. Handa, yarinya 'yar ƙabilar Luo a Kenya, ta ɗora kwando a ka da 'ya'yan itatuwa bakwai za ta kai wa ƙawarta Akeyo tsaraba. A hanya biri ya sace ayaba, jimina ta ɗauke gwaiba, giwa ta zare mangwaro, raƙumin dawa ya ɗage abarba, har kwando ya koma wayam, ita kuwa ba ta da labari.

Gwanintar littafin tana cikin saɓanin da ke tsakanin rubutu da zane. Rubutun bai ambaci ɓarawo ko ɗaya ba. Tunanin Handa kaɗai yake bi, tana ta saƙe-saƙen wanne Akeyo za ta fi so. Zanen ne ke tona asiri. Saboda haka yaron da bai iya haɗa baƙin Turanci ba ya riga mai karatu sanin gaskiya. Ina karantawa ina fassara musu da Hausa, su kuwa suna ihu suna nuna giwa, wasu na kiran Handa ta waiwayo. Irin daɗin da mai sauraron tatsuniya ke ji ne idan ya hango makircin Gizo tun kafin Kura ta farga.

Sai dai wata yarinya a layin baya ba ta ko murmusa ba. Da aka tashi ta matso ta ce, "Malama, idan ta koma gida me za ta gaya wa innarta?" Ita takan ɗauki tallar gyaɗa bayan an tashi makaranta, kuma ta san abin da ke jiran wadda kayanta suka salwanta.

Tambayarta ce ta nuna mini raunin littafin. Rahar tasa ta dogara ne a kan cewa asarar ba ta da mai biya. Marubuciyar ta kuɓutar da Handa da sa'a tsagwaronta: akuya ta tsinke igiya, ta tunkuyi bishiya, lemon tanjarin ya zubo ya cika kwando. Haka nan jerin jakin dawa da giwa a bakin hanyar ƙauye ya fi kama da Afirkar ɗan yawon buɗe ido. A cikin dabbobin nan takwas, akuyar ce kaɗai ɗalibaina suka taɓa kora daga bakin kwano, ita ce kuma ta fi ba su dariya.

Duk da haka ban ajiye littafin ba, domin samun wanda zai sa yara masu shekara bakwai su yi gardama a kan abin da shafi ya faɗa da abin da ya ɓoye ba ƙaramin abu ba ne. Washegari na sake karanta shi, na tsaya a inda kwando ya ƙare, na ce kowa ya zana abin da zai biyo baya. Yawancinsu akuya suka zana. Ita kuwa ta zana Akeyo riƙe da hannun Handa, tana raka ta gida don ta ba da shaida.